Ƙarafan tsaka da mahaɗansu masu launi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin ɗaliban kimiyyar sinadarai, da malamansu, da ma'aikatan ɗakin gwaji. Mu daidaita kalmomi tukuna. Idan an ce baƙin ƙarfe ana nufin Fe, jan ƙarfe Cu, tutiya Zn, dalma Pb. Rukunin da littattafan makaranta ke kira tiranzishin, shi za mu riƙa kira ƙarafan tsaka, saboda mazauninsu a tsakiyar jadawalin sinadarai.

Waɗanne ne ƙarafan tsaka, kuma me ya raba su da sauran ƙarafa?

Su ne masu zaune a rukuni na 3 zuwa na 12. Layin farko ya tashi daga sikandiyam mai lamba 21, ya bi ta titaniyam, banadiyam, kuromiyam, manganis, baƙin ƙarfe, kobal, nikel da jan ƙarfe, ya tiƙe a tutiya mai lamba 30. Azurfa, zinariya, filatinam da tangistin suna layukan ƙasa. Niyobiyam ma ɗan gida ne, shi ake samu daga kolumbait ɗin da aka yi ta haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos.

Abin da ya haɗa su shi ne ɗakunan ilektiron da ake kira d. Ɗakunan biyar ne, kowanne na ɗaukar ilektiron biyu, jimla goma. Ƙarfen tsaka na haƙiƙa shi ne wanda waɗannan ɗakuna ba su cika ba kuma ba fanko suke ba, ko dai a jikin atam ɗinsa ko a ɗaya daga cikin ayon ɗinsa da aka saba gani (ayon shi ne atam da ya rasa ko ya karɓi ilektiron har ya sami caji). Daga wannan giɓi kusan komai ya samo asali: launi, sauya lambar oksideshin (cajin da ake lissafa wa ƙarfe a cikin mahaɗi, kamar +2 ko +3), jan maganaɗisu, da iya hanzarta haɗuwar wasu sinadarai. Galibinsu masu tauri ne da wuyar narkewa. Sodiyam na narkewa a digiri 98, baƙin ƙarfe sai 1538, tangistin kuwa 3422.

To me ya sa ake cewa tutiya ba ta ciki, alhali tana layinsu?

Don ɗakunanta na d a cike suke maƙil, a matsayin Zn da kuma Zn²⁺. Shi ya sa gishirinta fari ne, ruwansa garau, lambarta kullum +2. Zama a unguwa bai sa mutum ya zama dangi ba. Sikandiyam kuma akwai saɓani a kansa: ayon ɗinsa Sc³⁺ ba shi da ilektiron ko ɗaya a d, sai wasu manhajoji suka fitar da shi, wasu suka bar shi saboda atam ɗin yana da guda. Ɗalibi ya duba ma'anar da manhajarsa ta bi kafin ya amsa.

Ina ake yawan tuntuɓe wajen rubuta jerin ilektiron ɗinsu?

Wuri biyu. Na farko kuromiyam da jan ƙarfe ba sa bin tsarin da aka haddace. Kuromiyam [Ar]3d⁵4s¹ ne, ba 3d⁴4s² ba ([Ar] na nufin ilektiron na ciki, irin jerin iskar argon). Jan ƙarfe [Ar]3d¹⁰4s¹ ne. Na biyu ya fi cin maki: idan za a yi ayon, daga 4s ake fara cirewa, ko da yake shi aka fara cikawa a lissafi. Baƙin ƙarfe [Ar]3d⁶4s² ne, don haka Fe²⁺ shi ne [Ar]3d⁶, Fe³⁺ kuma [Ar]3d⁵. Wanda ya rubuta Fe²⁺ a matsayin 3d⁴4s² ya ɓata duk lissafin da zai biyo baya, har da na maganaɗisu.

Ta yaya ƙarfe guda ke da lambobin oksideshin barkatai?

Tazarar ƙarfi tsakanin 4s da 3d kaɗan ce. Bayan ilektiron ɗin 4s sun tafi, cire na 3d ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar wani babban tsalle, saɓanin kalsiyam wanda da zarar ya ba da biyu ya rufe ƙofa. Manganis ya fi kowa a layin farko, daga +2 har +7.

Banadiyam ya fi nuna abin ido da ido. A narkar da ɗan amoniyam banadet a ruwan asid ɗin salfurik, a jefa gutsattsarin tutiya, a toshe bakin filas da auduga. Ruwan zai tashi daga ruwan ɗorawa, wato +5, ya koma shuɗi a +4, kore a +3, daga ƙarshe shunayya a +2. A kula da wani kore da ke fara bayyana tun da wuri: ba +3 ba ne, cakuɗar ruwan ɗorawa da shuɗi ce kawai. Shunayyar ma ba ta jure iska. Aka tace ruwan aka bar shi a buɗe, zai koma kore.

Mene ne mahaɗi mai ligan?

Ayon ɗin ƙarfe ne a tsakiya, wasu ƙwayoyi sun kewaye shi, kowace ta miƙa masa tagwayen ilektiron nata. Waɗannan masu miƙawa su ne ligan: ruwa, amoniya, kulorayid, sayanayid da makamantansu. Ana rubuta ƙarfen da ligan ɗinsa a cikin baka mai kusurwa, kamar [Cu(H₂O)₆]²⁺. Abin da ke cikin bakan a ɗaure yake, abin da ke waje kuwa yana sakin jiki da zarar an narkar.

Alfred Werner ne ya warware wannan a Zurik cikin 1893, ya kuma sami kyautar Nobel a 1913. Abin da ya ɗaure wa masana kai a lokacin shi ne gishirin kobal da amoniya. CoCl₃·6NH₃ ruwan goro ne, idan aka zuba masa azurfa naitiret duka kulorayid ukun suna sauka a matsayin farar lakar AgCl. CoCl₃·5NH₃ shunayya ne, biyu kaɗai ke sauka. CoCl₃·4NH₃ kuwa ɗaya tak, kuma yana zuwa iri biyu, kore da shunayya. Werner ya ce kobal kullum yana riƙe da abu shida a jikinsa. Idan amoniya ta kasa cika shidan, kulorayid ke shiga ya cike gurbi, wanda ya shiga ciki kuwa azurfa ba ta iya fizgo shi. Kala biyun na ƙarshen kuma bambancin wurin zama ne: a koren, kulorayid biyun suna fuskantar juna ta gaba da baya, a shunayyar suna maƙwabtaka. Ya kai ga wannan tun kafin a sami na'urar da ke nuna yadda atam ke jeruwa, da ma'auni da ƙirga kawai.

Yaya ake fitar da lambar oksideshin da adadin riƙo?

A tara cajin ligan, a daidaita da cajin bakan. A K₄[Fe(CN)₆], fotasiyam huɗu sun ba da +4, don haka bakan −4 ne. Sayanayid shida −6 ne, ke nan ƙarfen +2. A K₃[Fe(CN)₆] zai fito +3. Ruwa, amoniya da CO (iskar kabon monokusayid) ba su da caji, shi ya sa nikel a Ni(CO)₄ lambarsa sifili.

Adadin riƙo kuwa ba ligan ake ƙirgawa ba, wuraren da aka kama ƙarfen ake ƙirgawa. Itilindayamin, da ake taƙaitawa en, tana kamawa ta wuri biyu, saboda haka [Co(en)₃]³⁺ ligan uku ne amma riƙo shida. Riƙo shida yakan ba da siffa mai fuska takwas. Riƙo huɗu ko dai dala mai fuska huɗu kamar [CoCl₄]²⁻, ko shimfiɗaɗɗen murabba'i kamar yadda Pt²⁺ ya saba. Riƙo biyu miƙaƙƙen layi ne, misali [Ag(NH₃)₂]⁺.

Daga ina launin yake fitowa?

Idan ayon yana shi kaɗai, ɗakunan d biyar ɗin ƙarfinsu ɗaya. Da ligan shida sun kewaye shi sai su rabu gida biyu: biyun da ke kallon ligan kai tsaye su hau sama, ukun da ke tsakanin ligan su zauna ƙasa. Tazarar da ke tsakani ta yi daidai da ƙarfin hasken da ido ke gani. Ilektiron na ƙasa sai ya haɗiye wani yanki na farin haske ya haura sama, ragowar da ta wuce ita ce launin da muke gani. [Ti(H₂O)₆]³⁺ yana shan haske wajen nanomita 500, wato ɓangaren kore, sai ya fito shunayya. Jan ƙarfe a ruwa yana shan ɓangaren ja, wajen nanomita 800, sai ya fito shuɗi mai haske.

Girman tazarar ya dogara da wanda ya riƙe ƙarfen. Daga mai rauni zuwa mai ƙarfi: ayodayid, buromayid, kulorayid, fulorayid, ruwa, amoniya, itilindayamin, sayanayid, CO. Sauya ligan, ka sauya launi. Kobal a ruwa ruwan hoda ne, a zuba masa asid ɗin haidurokulorik mai kauri ya rikiɗe shuɗi fat, a ƙara ruwa ya dawo ruwan hoda. Wannan ne sirrin takardar gwajin danshi. Jan yaƙutu da zumurrudu duk Cr³⁺ ne ya rina su, dutsen da yake ciki ne ya bambanta, ɗaya ja ɗaya kore.

Inda babu ilektiron a d, ko babu gurbin haurawa, babu launi. Shi ya sa TiO₂ ya zama farin da ake zubawa a fenti. Sai dai akwai masu karya wannan doka, kuma masu saita jarrabawa na son su. Famanganet (mahaɗin manganis +7) da daikuromet (na kuromiyam +6) ba su da ilektiron ko ɗaya a d, amma launinsu ya fi na kowa kauri. A nan ilektiron daga oksijin yake tsallakawa zuwa kan ƙarfen, kuma irin wannan tsallake yana shan haske fiye da na cikin d nesa ba kusa ba. Ɗan ɓarɓashin famanganet guda kan rina kofi cike da ruwa.

Wane gwaji ne ya fi nuna musanyar ligan cikin sauƙi?

Na jan ƙarfe da amoniya. A narkar da giram 2.5 na shuɗin gishirin CuSO₄·5H₂O a tataccen ruwa har ya kai mililita 100. A ɗebi mililita 2 a kwalbar gwaji, a riƙa ɗiga ruwan amoniya marar kauri, ana girgizawa bayan kowane ɗigo. Da fari laka shuɗiya mai haske za ta fito, Cu(OH)₂ ke nan, domin a wannan mataki amoniya aikin alkali take yi. A ci gaba da ɗigawa, lakar za ta narke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar turmin da ya fito daga marina. An sami [Cu(NH₃)₄(H₂O)₂]²⁺: amoniya huɗu sun kori ruwa huɗu, biyu sun saura.

Abin da ke ɓata shi sanannen abu ne. Wanda ya kwarara amoniya gaba ɗaya ba zai ga lakar ba, zai rasa makin abin lura na farko. Idan lakar ta ƙi narkewa, galibi amoniyar ta tsufa ta sha iska a kwalbar da ba a rufe da kyau ba. Idan kuma sodiyam haidurokusayid aka ɗauka bisa kuskure, ko kwalba guda aka juye lakar ba za ta narke ba. Wannan bambanci shi ake amfani da shi a gane Cu²⁺. Na baƙin ƙarfe kuwa, Fe²⁺ yana ba da laka kore mai dauɗa wadda samanta ke komawa ruwan ƙasa idan ta sha iska, Fe³⁺ yana ba da ruwan ƙasa mai ja tun farko. Ɗigon tayosayanet a kan Fe³⁺ yana ba da ja kamar jini.

Gasa shuɗin gishirin ma darasi ne. Ya kan koma farin gari, ya rasa kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa, don ruwan da ke riƙe da jan ƙarfen ya tafi. A ɗiga ruwa, shuɗin ya dawo har da ɗumi.

A awon Fe²⁺ da famanganet, me ya sa ruwan ke yin ruwan ƙasa maimakon ya washe?

Asid ya yi kaɗan. Lissafin shi ne MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O. Dubi takwas ɗin nan. Idan H⁺ bai wadata ba, manganis ba ya sauka har +2, sai ya maƙale a +4 ya zama lakar MnO₂, awon kuma ya tashi a banza. Ga mililita 25 na samfur, a zuba asid ɗin salfurik marar kauri kimanin mililita 20. Kada a yi da haidurokulorik, famanganet zai mai da kulorayid iskar kulorin, a ci famanganet fiye da ƙima. Kada a yi da naitirik, shi da kansa zai taɓa Fe²⁺ kafin a fara.

Ba a buƙatar wani manuni, wato sinadarin da ke sauya launi don nuna ƙarshen awo. Ƙarshen awo shi ne ruwan hoda mai haske da ya tsaya kamar daƙiƙa 30. Saboda duhun ruwan, saman layinsa ake karantawa a buret, farko da ƙarshe. Misali: famanganet mai ƙarfin 0.020 M (M na nufin mol a lita), wato giram 3.16 a lita, an ci mililita 22.50. Mol ɗinsa 0.00045, a ninka biyar ya zama 0.00225 a mililita 25, ke nan 0.090 M, kimanin giram 5 na baƙin ƙarfe a lita. Ruwan famanganet yana raunana idan ya daɗe ko ya sha rana, don haka a ajiye shi a kwalba mai duhu, a kuma sake auna ƙarfinsa kafin aiki. Ruwan Fe²⁺ shi ma a haɗa shi ranar da za a yi aiki, da ɗan asid a ciki.

Me ya sa wasu mahaɗan baƙin ƙarfe ke bin maganaɗisu, wasu ba sa bi?

Ilektiron marasa abokin zama ake ƙirgawa. Fe²⁺ na da shida a d. Idan ruwa ne ligan, tazarar ƙarama ce, sai su bazu cikin ɗakuna biyar, huɗu su kwana su kaɗai. Idan sayanayid ne, hawa sama ya yi tsada, sai shidan su matsu bibbiyu a ɗakuna ukun ƙasa, babu na shi kaɗai. [Fe(H₂O)₆]²⁺ maganaɗisu na jansa, [Fe(CN)₆]⁴⁻ ba ya ja. Ana ƙiyasta ƙarfin jan da √(n(n+2)), inda n shi ne adadin ilektiron marasa abokin zama: huɗu ya ba da 4.90, biyar 5.92. Wannan ja mai rauni ne, sai da ma'auni ake ganinsa, ba irin na ƙusa ba.

Ina ake amfani da su wajen hanzarta haɗuwar sinadarai?

Hanya biyu suke bi: ko su kama iskar a fatarsu su sassauta ɗaurinta, ko su karɓi ilektiron su miƙa ta hanyar sauya lamba su dawo yadda suke. Baƙin ƙarfe ke haɗa naitirojin da haidurojin su zama amoniya a wajen digiri 450 da matsin iska kusan ninki 200, daga nan takin yuriya ke fitowa. V₂O₅, mahaɗin banadiyam, ke aiki a masana'antar asid ɗin salfurik, nikel kuma wajen daskarar da man girki. Tukunyar salansar mota da makanikai a Najeriya ke kira indomi tana ɗauke da filatinam, faladiyam da rodiyam, masu mai da CO zuwa CO₂. Tsadar waɗannan ukun ta sa ɓarayi ke yanke ta. Dalma da sulfa kan manne wa fatar irin waɗannan ƙarafa su kashe aikinsu.

Me hayaƙin janareta ke yi wa jini?

Himogulobin, mai ɗaukar oksijin a jini, mahaɗi ne mai ligan. Fe²⁺ na zaune a tsakiyar zobe, naitirojin huɗu sun riƙe shi, na biyar daga furotin ya kama shi ta ƙasa, gurbi na shida an bar wa oksijin, ya hau a huhu ya sauka a tsoka. CO, da ke cikin hayaƙin janareta, shi ma ligan ne, kuma yana kama wannan gurbi da ƙarfi fiye da oksijin sau 200 ko sama da haka. Ba shi da wari, ba shi da launi. Mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida ko a baranda kusa da taga, ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ciwon kai da jiri suke fara ji, barci ya ɗauke su. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna komai lafiya, don ba ta bambance jinin da ke ɗauke da CO da mai oksijin. A fitar da mutum sarari nan take, a kai shi asibiti a sa masa oksijin. A iska ta yau da kullum rabin CO ɗin kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fita, da tsantsar oksijin kuwa awa ɗaya da ɗoriya.

Idan kuma ƙarfen ne ya koma Fe³⁺, ba ya ɗaukar oksijin sam, jinin ya yi ruwan ƙasa. Rijiyar da taki ko masai ya gurɓata da naitiret na iya jawo wa jarirai wannan.

Ruwan burtsatse ya fito garau, bayan awa kaɗan ya yi ja. Me ya faru?

A ƙarƙashin ƙasa babu iska, baƙin ƙarfe na narke a matsayin Fe²⁺, ba a ganinsa. Da ya fito ya sha oksijin sai ya koma Fe³⁺, wanda ba ya zama a narke a ruwan sha, ya sauka a matsayin jar laka irin ta tsatsa. Ya wuce miligiram 0.3 a lita, za a fara jin ƙarni a baki, fararen kaya su yi tabo, tayil ya rine. Maganinsa a gaggauta abin da zai faru ko ta yaya: a watsa ruwan ta bututu mai huji-huji ya zubo cikin tanki yana shan iska, a bar shi ya kwanta, a bi da shi ta matatar yashi da tsakuwa, a riƙa wanke matatar da ruwa ta baya. Idan ruwan na da tsami, pH ƙasa da 6.5, abin na tafiyar hawainiya, sai an ɗaga shi da ɗan farar ƙasa. Idan tabon baƙi ne, manganis ne, shi kuma iska kaɗai ba ta cika isarsa ba. Akwai kuma ruwan fadama da ruɓaɓɓen ganye ya riƙe ƙarfensa a matsayin ligan, ya kwana bai kwanta ba. Wannan sai da alif ko kulorin.

Akwai wannan ilimi a sana'ar fata?

Ƙwarai. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, tanin kuwa ligan ne mai son Fe³⁺, haɗuwarsu baƙi ce ƙirin. Shi ya sa kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, ke baƙanta jemammiyar fata, kuma shi ya sa ƙusa mai tsatsa ke bar mata tabon da ba ya fita. Masu rinin bogolan a Mali da laka mai ƙarfe da ruwan ganye suke samun baƙinsu.

Manyan majemun Kano na Challawa da Sharaɗa kuwa galibi da kuromiyam +3 suke aiki. Ana fara tsuma fatar a asid da gishiri har pH ya sauka wajen 3, don kuromiyam ya ratsa ciki bai kama ba tukuna. Sannan a ɗaga pH a hankali zuwa wajen 3.8 ko 4, kuromiyam ya kama zaren fatar ya ɗaure su da juna, ta fito shuɗiya-shuɗiya. Aka yi gaggawar ɗagawa, sai ya kama a sama kawai, fuskar ta yi tabo, cikin ya zauna ɗanye. Kuromiyam +3 ba shi da haɗari sosai, amma +6, na kuromet da daikuromet, yana cin fata yana kuma jawo ciwon daji. Ƙona tarkacen irin wannan fata na iya mai da +3 zuwa +6.

Mene ne EDTA, kuma me ya sa riƙonsa ya fi na sauran?

Ligan ne guda mai hannu shida, yana rungume ƙarfe kamar ƙaguwa ta damƙe abu. Ko hannu ɗaya ya saki, biyar na riƙe, sai ya koma ya kama. Ban da haka, shigarsa guda tana sakin ruwa shida, kuma yawaitar ƙwayoyi masu yawo na tura haɗuwar gaba.

Kwalbar ɗibar jini mai murfi shunayya shi ke ciki, yana kame kalsiyam don kada jinin ya daskare. Saboda haka ba a auna kalsiyam ko fotasiyam da jinin wannan kwalba. Da shi ake auna taurin ruwa: giram 3.72 na gishirinsa a lita ya ba da 0.01 M, kowace mililita tana daidai da miligiram 1 na CaCO₃. A ɗebi ruwa mililita 50, a sa mililita 1 zuwa 2 na haɗin amoniya mai tsai da pH a 10, da ɗan manunin EBT, a ɗiga har ja ya koma shuɗi. Aka ci mililita 9, taurin ya kai miligiram 180 a lita. Idan launin ya ƙi juyawa sarai, a zargi jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a ruwan, sukan kame manunin su ƙi saki.

A asibiti ma dabarar ke nan. Lokacin gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da DMSA aka yi wa yara magani, ligan mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini kuwa baƙin ƙarfe ke taruwa musu, don kowace leda na ɗauke da miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da rarar. Su ake ba difarasiros ko difaroksamin, ligan masu kama baƙin ƙarfe su fitar da shi. Ta ɗaya gefen, mai shan ƙwayar ƙarin jini ya raba ta da shayi da awa ɗaya ko biyu, tanin na kame ƙarfen. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta tetirasaikilin da sifurofulokzasin su ma suna kama shi, duka biyun su tashi a tutar babu, don haka a tambayi likita tazarar da za a ba su.

Da gaske wurin zaman ligan kaɗai na iya raba magani da abin da ba magani ba?

Sisfilatin shaida ne. Pt²⁺ ne da amoniya biyu da kulorayid biyu a shimfiɗe. An san shi tun 1844, amma sai a 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Mishigan ya lura cewa mahaɗan filatinam na hana ƙwayoyin bakteriya rabuwa, aka amince da shi a Amurka a matsayin maganin ciwon daji a 1978. Kulorayid biyun suna gefe guda. A cikin jini gishiri ya yi yawa, suna nan daram. A cikin ƙwayar halitta kulorayid kaɗan ne, sai ruwa ya maye gurbinsu, filatinam ya kama wurare biyu maƙwabta a zaren DNA ya tanƙwara shi. Ɗan'uwansa mai kulorayid gaba da baya, sinadaransu ɗaya ba ragi ba ƙari, ba ya wannan aiki.

Zinariya ba ta tsatsa, to yaya ake narkar da ita?

Sai an ba ta ligan da zai riƙe ta a ruwa. Asid ɗin naitirik shi kaɗai ba ya cin ta, shi ya sa maƙeran zinariya ke gwaji da shi. A haɗa shi da haidurokulorik, kashi ɗaya da uku, kulorayid ya riƙa kwashe ta a matsayin [AuCl₄]⁻. Kamfanonin haƙar ma'adinai da sayanayid da iska suke yi tun 1887, ana samun [Au(CN)₂]⁻. Dole pH ya zauna sama da 10.5 da farar ƙasa, in ya sauka iskar sayanayid, HCN, ke tashi, tana kisa cikin mintuna. Ba aikin bayan gida ba ne.

Waɗanne ne bai kamata a ajiye ko a haɗa ba a ɗakin gwaji?

Ruwan Tollens, wato azurfa a amoniya, a haɗa shi lokacin aiki, a kashe shi da asid marar kauri a wanke nan take. Ya kwana yana iya haifar da baƙar laka mai fashewa da taɓawa kaɗan. Ferosayanayid, wato [Fe(CN)₆]⁴⁻, ba shi da haɗari a yadda yake, har ana sa ɗan kaɗan a gishirin ci don kada ya dunƙule, saboda ƙarfen ya riƙe sayanayid ɗin gam. Amma kada a dafa shi da asid. Busasshen famanganet ya yi nesa da gilisarin da asid ɗin salfurik mai kauri, na farko wuta yake tayarwa, na biyu yana ba da Mn₂O₇ mai fashewa. Ragowar daikuromet kuma kada a tuttular a kwata. A sa mata asid, a zuba Fe²⁺ ko sodiyam metabaisalfait har ruwan goron ya koma kore, a ɗaga pH zuwa wajen 8 kuromiyam ya kwanta, a tace lakar a tara ta a kwalba mai lakabi.